Kurwar Guzuma Tana Hannuna

Hammadu ya rasu.

Da safen nan saƙon ya same ni, ina zaune a ƙofar gida nan Damagaram da kofin koko a hannu. Rabi ce ta rubuto daga Arlit, layi ɗaya tak: "Baba Kyari, Baba Mai Kurwa ya cika bayan sallar asuba." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karanta na sake karantawa, kamar in na ƙara dubawa sunan zai canza.

Kokon yana nan inda na aje shi, ƙudaje sun same shi.

Na kira Rabi, ba ta shiga. Na kira Dije matarsa, salula a kashe. Har lambar shi Hammadun na kira, ku ji wauta, na kuma tsaya ina jira ya ɗauka. Rezon waya na Arlit kun san halinsa, ranar da kake nemansa ranar yake tafiya kiwo.

Shi ya sa na zo nan dandalinmu na rubuta. Ta'aziyya ce, amma akwai roƙo a cikinta, kuma roƙon ba ya jira. Wanda yake Arlit, in ba zai iya karanta duka ba, ga shi a taƙaice: a je gidan Hammadu yanzu, a ce kada kowa ya kwance doguwar igiyar da ke shimfiɗe a rumfar bayan gida, kada kuma a share wurin. Sauran ku tsaya in gaya muku dalili.

Hammadu Bafillace ne daga wajen Tawa, ni kuwa Babarbare. Wanda ya san wasan da ke tsakaninmu da Fulani ya san irin zaman da muka yi. Tun muna da baƙin gashi har muka yi furfura ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba, shi ma bai taɓa kiran nawa ba. "Kai Bafillace." "Mi ne ne, Babarbare?" Shi ke nan gaisuwarmu.

Fari ne ya koro shi arewa. Shanun mahaifinsa suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, ya iso Arlit da sanda da buta da wata fatar saniya a naɗe, wadda yake kwana a kai. Da shara ya fara a atiliye, wato ɗakin gyaran injinan kamfanin uranium, tsintsiya a hannu, ido yana kan masu aikin tur, har ya zo ya fi waɗanda ya tarar. Ni ina ɓangaren wuta, ɗakinmu yana kallon nasu.

Ga wanda bai san tur ba, inji ne da ke riƙe ƙarfe da baki yana juya shi, kai kuma kana matso da wuƙa kana feraye shi a hankali, har ya zama abin da kake so: sanda, ko bulon na ɗaure ƙarfe, ko zoben da wani inji ya rasa.

Shekarun da farashin uranium ya faɗi aka riƙa sallamar mutane, kowa ya fito aiki da safe gabansa na faɗuwa, bai san ko sunansa na cikin takardar yau ba. A lokacin ne Hammadu ya ga wani tsohon tur da aka daina aiki da shi an jingine bayan atiliye, rairayi ya binne ƙafafunsa. Ya roƙi shef, shugaban atiliye, shef ya ce ɗauka, ka rage mana shara. Guntu-guntu ya kwashe shi a amalanken jaki ya kai gida.

Na ce masa, "Mutane na neman abin da za su ci in an kore su, kai kana tara gawa."

Ya ce, "Ba gawa ba ta, Babarbare. Guzuma ta, yunwa ta kashe mata jiki."

Sunan da ya bi injin ke nan, Guzuma, tsohuwar saniya. Ta girme mu duka. Rubutun jikinta ma ba Faransanci ba ne, ba mu taɓa samun wanda ya karanta mana shi ba.

Ba sana'a ya ɗauke ta ba, aikinsa na kamfani yana nan. Asabar da Lahadi ne, lokacin da mu muke gindin bishiya muna shayi, shi yana rumfa ya tsoma hannu cikin tasar man gazuwal yana wanke haƙoran ƙarfe da tsohon buroshi. Wani haƙorin ya karye, ya cike shi ya goge da hannu kwana da kwanaki. Inda ƙarfe ya cinye ya yi sako-sako, sai ya yanka gwangwanin madara siriri kamar farce ya saƙa, ya gwada, ya cire, ya sake yankawa. Dije takan leƙo ta ce, "Shanun nan naka dai ba su nono." Sai ya ce ta yi haƙuri, ba su haihu ba tukuna.

Bayan Guzuma ya tayar da wasu ƙanana biyu, duk ya bayar. Ɗaya ya ba Malam Yohanna ɗan Maradi mai gareji. Ran Lahadi in Yohanna ya tafi coci, Hammadu kan karɓi makulli ya je ya zuba mata mai, wai kada ta yi kewa.

Ni kaina ban san iyakar abin da ya gyara mini ba. Ranar da keken ɗinkin maiɗakina ya tsaya ana saura kwana uku salla, kayan mutane jibge a ɗaki tana kuka, shi ya zo ya cire wani ɗan ƙarfe kamar tsinke, ya tafi, kafin la'asar ya dawo da sabo. Na ce me za a ba shi, ya ce, "Ka amsa ni ne ubangidanka, ya isa." Ban amsa ba, kun san ba zan amsa ba.

To, yanzu maganar kurwa. Wannan ban taɓa ba da shi a bainar jama'a ba, don ni ne mara gaskiya a ciki.

Guzuma ba ta juyawa sai da wata faffaɗar igiyar fata da ke haɗa ta da injin lantarkin da ke juya ta. Mu da muka yi aiki da Nasara, da sunan Faransanci muka san wannan igiya: kurwa. Kowane makanike a ƙasar nan haka yake cewa, kurwar mota, kurwar injin niƙa, ba wanda ya taɓa kawo wani abu a ransa.

Lokacin tawaye ne. Hanyar Agadas ta zama sai da rakiyar soja, wani lokaci a yi makonni mota ba ta shigo ba. Ba kayan gyara, ba komai. Injin niƙan unguwarmu, shi kaɗai ne, sandarsa ta cinye ya tsaya. Ga masarar taimako da ake rabawa mai taurin tsiya, mata sun koma turmi, tafin hannu duk ya fashe. Hammadu ya ce zai feraye sabuwar sanda. Yana tsakiyar aiki kurwar Guzuma ta tsinke, irin tsinkewar da ba ta ɗinkuwa.

Wata Lahadi da safe muna zaune wurin Hajara mai waina. Hajara sabuwar zuwa ce daga wani ƙauye bayan Maradi, ba ta daɗe da bin mijinta ba, da 'yarta goye a baya. Hammadu yana cin waina yana kai mini kuka.

"Kurwa nika nema, Babarbare. Na zagaye gari, ban samu ba. Ko tsohuwa ta, in dai da sauran ƙwari, ina so. Jiya na samu wata ƙarama, ina jan ta sai ta tsinke a hannuna."

Na ga Hajara ta daina juya waina. Na ga ta gyara goyonta ta juyo da shi nesa da mu. Na gane abin da ta ji, dariya ta cika mini ciki.

Da ya tashi ya tafi sai ta matso, murya ƙasa-ƙasa. "Malam, don Allah, wannan bawan Allah, mi yake nufi da kurwa?"

Da na ce mata igiyar inji ce, da magana ta ƙare a nan. Amma Babarbare ya samu Bafillace a hannu, ina zan bari? Na ɓata fuska na ce, "Ai Fulani duk haka suke, baiwar Allah. Ki dai riƙe 'yarki da kyau."

Na tafi ina dariya ni kaɗai, ina shirin ba shi labari. Na ma manta ban ba shi ba.

Kwana uku bayan haka na taso daga aiki da la'asar, na hango taro a ƙofar gidansa. 'Yar Hajara ta kwanta da zazzaɓi har tana sanƙarewa, an shimfiɗe ta a tabarma a tsakiyar hanya. Hajara ta yar da kallabi tana ihu, "Kurwar ɗiyata kur! Ka sakam mini ɗiya! Abokinai ma ya faɗi!"

Abokin nasa ni ne.

Na kutsa ina cewa wasa ne, wallahi wasa ne, igiya ce. Na shiga rumfa na ɗauko tsinkakkiyar kurwar ina ɗagawa sama. Wa zai saurare ni? Zamani ne da kowa a tsorace yake, ba aiki, ba hanya, ba a san abin da gobe za ta kawo ba, mutane neman inda za su sauke fushinsu kawai suke. Na ga wani ya sunkuya ya ɗauki dutse. Ana ta cewa sai ya tsallake ta, kamar yadda ake sa maye ya tsallake wanda ya kama. Wasu har suna cewa ya tuɓe, mai unguwa ya tsawata ya ce ba a gabansa ba.

Hammadu yana tsaye, hannunsa duk baƙin mai. Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ya cire hula, ya cire takalmi, ya tsallake yarinyar, ya dawo ya sake tsallakewa. Sannan ya ce, "In tsallake na magani, sai in kwana ina yi. Amma ɗiyar ga zazzaɓi gare ta. Ku ɗauko ta."

A bayan mobiletinsa, ɗan babur ɗin nan nasa, aka kai ta likita, uban yana rungume da ita.

Ta warke. Wasu suka ce allura ce, wasu suka ce ai da ma ya tsallake. Shekaru bayan nan akwai matan da in sun hango shi sai su ja 'ya'yansu cikin gida. Sunan Mai Kurwa daga nan ya samo asali. Ku da kuke kiransa da shi cikin ƙauna yau, ba da ƙauna aka raɗa shi ba, kuma bakina ne ya raɗa.

Mako guda bai yi mini magana ba. Ni ma kunya ta hana ni bin layinsu. Rana ta takwas ya aiko in zo. Na tafi ina shirya kalaman ban haƙuri, na same shi ya shimfiɗa fatar nan da ya zo da ita daga gida, ya ja layi a kanta da alli.

Ya ce, "Babarbare, bakinka ba shi da birki. Riƙe nan."

Na riƙe, ya sa wuƙa. Sai da ya kai rabi sannan ya gaya mini fatar wace ce. Saniyar ƙarshe ce ta garken mahaifinsa, wadda suka yanka da ta kasa tashi. Na ce ya tsaya, a nemi wata fatar, ai ba a rasa ba. Ya ce ya duba, duk na kasuwa sirara ne, ba za su ja Guzuma ba. Ya ce, "Tana kwance ƙarƙashina ba ta aikin komi. Bari ta koma cikin garke."

Ya ninka ta biyu ya ɗinke da tsirkiya. Inda bakin biyu suka haɗu akwai ɗan tudu, duk zagayen da ta yi sai ka ji tak, tak, tak. Duk wanda ya zauna unguwar nan ya san wannan ƙara. In ka ji ta da hantsi ran Asabar, ka san Hammadu lafiya lau yake.

Kwana biyu injin niƙa ya tashi.

Hajara ta zo da kwanon waina ta durƙusa a ƙofar rumfa tana kuka, tana neman gafara. Ya ce ta tashi. "Ba laifinki ba ne. Laifin Nasara ne da ya ba igiya sunan rai. Sai kuma wani Babarbare da ba ni faɗin sunanai."

Yarinyar da aka tsallake ita ce Rabi, wadda ta aiko mini saƙon yau. Malama ce yanzu a lakwal, makarantar boko, da 'ya'yanta. Ba ta da uban da ya wuce shi tun da nata ya rasu.

Ganina da shi na ƙarshe bayan babbar salla ne, da na je Arlit neman wasu takarduna na barin aiki. Garin ya yi shiru. Gidajen ma'aikata da yawa a rufe, Yohanna ya koma Maradi, waɗanda muka yi atiliye da su wasu sun tafi gida, wasu suna maƙabarta. Samari duk sun nufi wurin zinariya.

Na same shi ya rame, yana tari. Amma ya wargaza Guzuma kaf, tun daga baki har wutsiya. Ya ce ta fara cin ƙarfe a karkace, yana so ya yi mata gyaran da za ta daɗe bayansa.

Hammadu ba ya rubutu, kuma bai yarda da zane a takarda ba. Yadda yake yi shi ne yadda ya ga ana yi a rugarsu. Fulani suna da doguwar igiya da suke ɗaure maruƙa a jere, dangwali, kowane maraƙi da gurbinsa, babba a gaba, ƙarami a baya. Haka ya shimfiɗa igiya daga wannan bango zuwa wancan ta zagayo. Abin da ya fara cirewa ya ɗaure a kai, na biyu ya bi shi, har zuwa na ƙarshe. Ƙananan kusoshi suna cikin gwangwanayen tumatir, kowane gwangwani a ɗaure a gurbinsa. Siraran gwangwanin nan da ya yi shekaru yana yankawa suna ƙasa, kowanne an danne shi da ɗan dutse kusa da ƙarfen da yake shiga ƙarƙashinsa. Wanda bai sani ba zai rantse shara ce.

Ya kama hannuna ya bi da ni igiyar, yana nuna mini ɗaya-ɗaya. Na ce, "Ni mai wuta ne, me ya haɗa ni da shanunka?"

Ya ce, "Ko Babarbare na iya mayar da ita, in dai ya faro daga wutsiya ya bi igiya. Abin da na cire ƙarshe shi ka fara shiga. Ba ta son wayo, bi kawai taka so."

Na yi dariya. Shi bai yi ba, sai yanzu na tuna.

Da zan tafi ya ɗauko tsohuwar kurwar, ta bushe ta tsattsage, ya naɗe ya sa mini a jaka. Ya ce majeman Damagaram sun fi kowa, in kai musu su yi sabuwa daidai ita, faɗin yatsa uku, fatar saniya ba ta raƙumi ba. "Tsohuwar kuma ka maido mini abuna. Ka san ko wace ce."

Na ce na sani.

Jama'a, an gama sabuwar kurwar tun kafin ruwan farko ya sauka. Tana rataye a ƙusa cikin ɗakina, ita da tsohuwar, yanzu haka ina kallonsu.

Na ce ba zan ba direba ba, kada ta ɓace, da kaina zan kai. Sai damina ta zo na ce bari a gama noma. Sai ƙafar maiɗakina ta tashi. Sai aka ce hanya ba lafiya, ni kuma gaskiya tsoron hanyar nan nake, tun zamanin rakiyar soja ban daina ba. Kullum gobe.

Shi kuma yana ta aiko da saƙon murya. "Babarbare, maido mini kurwata." Ni kuma ina mayar masa, "Maye ya shiga hannu. Sai ka amsa ni ne ubangidanka sannan in sake ta." Mu yi dariya. Na ɗauka dariya muke yi mu biyu.

Saƙonsa na ƙarshe kwana tara ke nan. Gajere ne, ana jin numfashinsa a ciki. Ya ce, "Kyari, bar wasa. Aiko ta. Ina son in ji muryar Guzuma."

Kyari ya ce. Bai taɓa ba.

Kun san abin da na mayar masa? Hoton fuskar nan mai dariya har da hawaye. Yana nan a salulata, ƙarƙashin muryarsa, an nuna ya gani.

Sau biyu ke nan ina wasa da kurwar mutumin nan. Na farko ya yafe mini tun ban roƙa ba. Na biyu ban san wanda zan roƙa ba.

Tun safe abin da ke cina ke nan, ga kuma wani a kansa. Na san yadda gidan rasuwa yake. Kafin a dawo daga maƙabarta za a ce ina za a zaunar da mutane, wani zai ce ga rumfar baya can da inuwa. Mata za su shiga da tsintsiya, da kyakkyawar niyya, su tattara ƙarafa a kusurwa, su share 'yan gwangwanayen nan su zubar. Masu kafa tanti a ƙofar gida za su nemi igiya, kuma duk gidan ba igiyar da ta kai wannan tsawo. Minti goma sun isa. Ba wanda zai yi mugunta, taimako kowa zai zo yi.

In aka kwance igiyar nan, Guzuma ta mutu. Ni ban san gurbin kowane ƙarfe ba, jeren kawai aka nuna mini. Wanda ya sani a kai yana cikin likkafani. Abin da zai rage tulin ƙarfe ne, kuma masu sayen tsohon ƙarfe a kilo ba sa jiran a yi sadakar bakwai, suna jin an yi rasuwa a gidan mai ƙarafa za su fara zagaye.

Umaru ɗan Hammadu, ɗana, na san kana hanya daga Cibarakatan wurin zinariya, kuma na san in ka samu rezo za ka ga wannan. Ba fakewa nake da guzuma in harbi karsana ba, ban ce za ka sayar ba. Kayan mahaifinka ne, ku ne magada, abin da kuka ga dama shi za a yi. Mako ɗaya kawai nake roƙo. Ka bar ni in mayar da ita yadda take, in ɗaura mata kurwa, mahaifiyarka ta ji tak, tak ɗin nan ko sau ɗaya ne. Bayan nan in kyauta za ku yi da ita, ko ku riƙe, ko ku sayar wa wanda zai yi aiki da ita, ba ni da ta cewa. Amma ta bar gidan a tsaye.

Rabi, 'yata, in kin riga kowa gani, ki bar abin da kike yi. Ki ja ƙyauren rumfar ki sa kwaɗo, makullin ki riƙe a jikinki. In an tambaye ki, ki ce wasiyya ce. Ban yi ƙarya ba, ya kama hannuna ya nuna mini, ni ne ban gane sunan abin ba sai yau.

Dije, ban san da wane ido zan dube ki ba. Allah ya ba ki haƙuri.

Na riga na karɓi tikitin bis ɗin gobe. Hanyar da na yi wata da watanni ina jin tsoro, yau ko tambayar lafiyarta ban yi ba. Kurwa biyu suna cikin jaka, na sa su tun ɗazu don kada in sake cewa gobe. Ba zan samu jana'iza ba, nan da can kwana biyu ne in Allah ya kiyaye. Rabon da na taɓa kile, maɗaurin ƙusa, tun da na aje aiki, idona ma ba kamar da ba, kuma ban sani ba ko zan iya. In na tarar da igiyar yadda ya bar ta, zan durƙusa a wutsiya in fara bi, ko zai ɗauke ni wata guda, in Umaru ya ƙara mini kwana. Tsohuwar kurwar zan fara ɗaurawa, ko zagaye goma ta yi kafin ta tsinke, don ita ce muryar da ya ce yana son ji.

In kuma na tarar an kwance, ban san abin da zan yi da jakar nan ba.

Ya Allah, ga Hammadu nan ya zo maka. Ka san bai taɓa ganin abu ya lalace ya wuce shi ba. Ka gyara masa kwanciyarsa, ka yalwata masa kabarinsa, ka yafe masa kurakuransa kamar yadda ya yafe wa waɗanda suka taru a ƙofarsa da duwatsu, da wanda ya tara su. Kurwar Guzuma ce a hannuna, tasa tana hannunka, kuma kai ba ka jinkiri irin nawa. Ka haɗa shi da iyayensa a Aljanna Firdausi. Ka ba Dije da Umaru da Rabi juriyar rashinsa. Mu da muka rage ka sa mu cika da imani.

Duk wanda ya karanta, na roƙe shi ya yi wa Hammadu addu'a, ko Ƙulhuwallahu ƙafa uku ce. Yohanna, kai ma ka yi masa irin taku, ya zuba wa injinka mai Lahadi da yawa.

Wanda yake nesa ya yi a zaune. Wanda yake Arlit, don girman Allah, ya yi tasa addu'ar yana tafiya.